Me ya sa sunayen 'yan Italiya ne kullum a gaba?

Malam, ka tambaya me ya sa da zarar an taɓo tarihin zanen Turai sai a fara da Leonardo da Michelangelo, kamar sauran ƙasashe ba su da masu zane. Gwanintarsu ba abin musu ba ce, amma akwai hannun mutum ɗaya a ciki: Giorgio Vasari. Shi ma mai zane ne, kuma shi ya tsara ginin Uffizi a Florence. A 1550 ya fitar da littafin tarihin rayuwar masu zane, ya faɗaɗa shi a 1568. Ya jera labarin tamkar tsani: daga Cimabue da Giotto ana ta hawa har Michelangelo, wanda ya ɗora a ƙololuwa. Ma'aikacin gidan Medici ne, masu mulkin Florence, don haka Florence ya fifita; ko Titian na Venice sai a bugu na biyu ya samu babinsa.

Masana sun daɗe suna gyara masa kurakurai. Ya ce Andrea del Castagno ya kashe Domenico Veneziano saboda hassada, alhali Castagno ya rasu a 1457, shekara huɗu kafin wanda ake cewa ya kashe! Masu zanen Holan kuwa sai da Karel van Mander ya rubuta tarihinsu a 1604. Duk da haka, littattafan makaranta da gidajen tarihi da dama har yau tsanin Vasari suke bi.