Ma'anar makin PDUI a sakamakon DaPars

Ka tambayi abin da ΔPDUI na −0.25 yake nufi a sakamakon DaPars, manhajar da ke nazarin inda ake yanke ƙarshen mRNA (saƙon da ake haɗa furotin daga gare shi), da ko hakan na nuna furotin zai ƙaru.

PDUI yana tsakanin 0 da 1. Abin da yake aunawa shi ne kason mRNA da aka yanke a wurin poly(A) na nesa, wato wurin yanka na can ƙarshe, ba na kusa ba. Idan ya kusanci 1, doguwar 3′UTR (wutsiyar mRNA da ba a fassara ta zuwa furotin) ce ta rinjaya. Idan ya kusanci 0, gajeruwar. ΔPDUI kuwa bambancin PDUI ne tsakanin rukunonin samfura biyu, don haka −0.25 na nufin 3′UTR ta fi gajarta a ɗaya daga cikinsu. Amma fa ka duba wane rukuni aka ɗebe daga wane, don a nan aka fi yin tuntuɓe, a karanta tsawaita a matsayin gajarta. Yawanci ana so bambancin ya kai 0.2, FDR (kason sakamakon ƙarya da ake tsammani) kuma ya gaza 0.05.

Batun furotin kuwa, makin bai faɗa ba. Gajarta kan zubar da wuraren da microRNA (ƙananan RNA masu rage samar da furotin) ke kamawa, wanda kan iya ƙara furotin, amma sai an auna furotin ɗin kansa.

Ka buɗe ƙwayar halittar (gene) a IGV, manhajar kallon bayanan sequencing, ka ga da idonka inda tarin karatun (reads, guntayen RNA da na'ura ta karanta) ya faɗi kamar matakala. In karatun kaɗan ne, kada ka yarda da makin. Ka kuma gwama RIN (makin ingancin RNA) na rukunonin biyu, domin RNA da ya lalace yakan tura karatu ƙarshen 3′, PDUI ya kumbura a banza.