Me ya sa iyali ɗaya suke warwatse a ƙasashe uku?

Ka tambayi dalilin da maƙwabcinka ɗan ƙabilar Tamil ke cewa kakansa haifaffen Indiya ne, mahaifinsa Siri Lanka, shi kuma Kanada. Korarsu aka yi ta yi, ɗan'uwa. Turawan Ingila ne suka kwaso su daga kudancin Indiya zuwa gonakin shayi a tsibirin Siri Lanka, dokar ƙasar ta 1948 ta hana su zama 'yan ƙasa, sai kuma tarzomar Yulin 1983 da aka ƙone gidaje da shagunan Tamil a Kolombo, birni mafi girma a ƙasar.

Amma ka tambaye shi a hankali, don Tamil ɗin Jafna, a arewacin Siri Lanka, daban ne, sun yi ƙarnoni a tsibirin. Wani ɗan Tamil da muka yi aiki tare, har yau mahaifiyarsa na ajiye da makullin gidansu da aka ƙone.