Zan Iya Samun Tarihin Kakana a Jami'ar Ahmadu Bello?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Kwarbai ne a birnin Zariya. An ce kakan mahaifina magatakardan wani hakimi ne, kuma na ji ABU na ajiye da tsofaffin takardu. Zan iya samun labarinsa a can? Akwai ma wata gafaka da ya bari, gara ta fara taɓa ta.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka hau mota zuwa Samaru, zauna da tsofaffin gidanku su faɗa maka zamanin wane sarki ya yi aiki, a wace gunduma, kuma mece ce sarautar ubangidansa. Turawa sun karɓe Zariya a 1902, kuma wannan shekarar ce za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

In kafin zuwan Turawa ne, nufi Sashen Tarihi. A can ne Shirin Binciken Tarihin Arewa yake, wanda aka fara a 1964, shekara biyu da kafa jami'ar. Farfesa Abdullahi Smith da Murray Last na cikin waɗanda suka ɗora harsashinsa. Gari-gari aka bi, zaure-zaure, ana aron littattafan malamai a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su, shi ya sa da yawan abin da za a miƙo maka kwafi ne. Akwai rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, da wasiƙu, da waƙoƙin ajami.

Sai dai kada ka sa rai da yawa. Wasiƙa sunan mai aike take ɗauka, na wanda ya riƙe alƙalami kuwa ba kasafai yake fitowa ba. Inda za ka iya dacewa shi ne ƙarshen littafi, domin mai kwafi yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da ranar da ya gama. In Larabcinka bai nuna ba, tafi da malami mai ido a kan rubutun warshu.

In kuwa zamanin En'e ne, Kaduna za ka. Fayilolin Lardin Zazzau, da rahotannin haraji da jangali da littattafan gundumomi, suna Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can. Gidan Arewa ma a Kaduna yake, tsohon gidan Sardauna, amma yanzu cibiyar adana takardun tarihi ce ta ABU, an kafa ta a 1970. Ga wata dabara da nake ba ɗalibai: fara shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ka nemi kundin digirin da aka rubuta kan gundumar. Lambobin fayilolin suna nan a ƙasan shafuka, wani ya riga ya yi maka wahalar. Ka kuma riƙa gwada suna ta fuska biyu ko uku, don Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

Ni dai gafakar nan ta fi ɗaukar mini hankali, wataƙila abin da kake nema yana ɗakinku. Ɗauke ta daga ƙasa yau ɗin nan, ka nisanta ta da bango mai danshi. Kada ka manna salatif, kada ka kai a rufe maka da leda mai zafi, kada ka shanya a rana. Warƙoƙin a sake suke, ba ɗinki, to kar ka hautsina su. Duba ƙasan shafi, za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai. Ita ce farkon shafin da ke biye, da ita ake gane jeri. Ɗaga warƙa ɗaya wajen haske kuma. In ka ga jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta hamada.

Ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, gaba da baya, bisa jerin da ka tarar. Hotunan za ka fara kai wa Sashen Tarihi, gafakar ta zauna a gida har sai dangi sun yi shawara.