Yaya ake gane tasirin Clifford Jack a binciken cutar mantuwa?

Malam, ka tambaya ko yawan ambaton da masana ke yi wa takardun binciken Clifford Jack na asibitin Mayo a Amurka ya isa shaida kan tasirinsa. A ganina lissafi kaɗai bai isa ba, duba abin da aikinsa ya sauya. A 2010 shi da abokan aikinsa suka gabatar da hasashe a mujallar Lancet Neurology cewa a cutar Alzheimer, wato wani nau'in cutar mantuwa, sinadarin amiloid ne ke fara taruwa a ƙwaƙwalwa, sannan wani sinadarin mai suna tau, sai hoton MRI ya nuna ƙwaƙwalwa tana motsewa. Mantuwa kuwa sai can bayan shekaru. A kan wannan aka gina ƙa'idojin binciken cutar na 2018, shi ne ma jagoran rubuta su. Sai dai har yau ana jayayya, don akwai tsofaffin da amiloid ya taru musu amma hankalinsu garau.