Filin Tambaya: Ta ƙi karɓar Windows, kuma furojet ɗina na ciki

Tambaya daga wani ɗalibi, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da laftof HP ta hannu da yayana ya bar min, kwana biyun nan nauyi take yi sosai sai abokina yace kawai a yi mata fomatin, ya kawo filashinshi mai Windows 10 muka fara, muna zuwa wajen zaɓen disk sai ta rubuto wai ba za a iya saka Windows a nan ba saboda disk ɗin GPT ne. Shi yace akwai abin da ake rubutawa, clean, sai ta wuce. Ni dai na ce a dakata saboda furojet ɗina babi uku yana ciki ban kwafe ba.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi Allah ya rufa maka asiri da ka ce a dakata. Clean ɗin nan a cikin diskpart, wato manhajar Windows mai sarrafa disk, ake rubuta shi bayan an danna Shift da F10, kuma baya tambayarka ko ka tabbata, kana buga Enter shikenan ya share ɓangarorin disk ɗin, C da D, baki ɗaya. Mutane suna ɗauka D wani gida ne daban, alhali ɗaki ne kawai a cikin gida ɗaya. Na taɓa ganin wani ya yi haka a shagona ana saura sati biyu ya kare furojet, ya zauna kan benci yana ta kallon silin, ko ruwan da aka miƙa mashi bai iya sha ba.

Disk ɗinka lafiyarshi ƙalau, filashin ne ya shigo ta ƙofar da ba ita ba. Hanya biyu kwamfuta ke tashi, tsohuwar wato Legacy tana tafiya da MBR, sabuwar wato UEFI tana tafiya da GPT, ku kuma kun tada filashin ta Legacy kuna so ya zauna a kan GPT, murfin wata tukunya kenan a kan wata.

Toh tunda ba ku goge komai ba, zare filashin ka kunna ta, tsohon Windows ɗinka zai taso. Kwafe furojet ɗin wuri biyu, filashi daban da kuma Google Drive, ai suna ba da 15GB kyauta. Bayan nan ka nemi filashi akalla 8GB wanda ba komai a ciki don Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filashi da ita, zai share shi, ka zaɓi GPT da UEFI a cikin Rufus ɗin ka sake haɗa filashin. A HP kana kunnawa ka riƙa danna Esc sannan F9, ka ɗauki sunan filashin da aka rubuta UEFI a jikinshi. Wajen zaɓen partishin, wato ɓangaren disk, kuma kada ka dogara da ganin C ko D, da girma zaka gane wanda Windows ke ciki, don haka ka rubuta girman C ɗinka a takarda tun yanzu.

Amma gaskiya ni ban cika yarda da fomatin a matsayin maganin nauyi ba. In hadis ɗinta, wato hard disk, mai juyawa ne kuma RAM 4GB, wata ɗaya zata koma gidan jiya. Tara kuɗi ka sa mata SSD, wato disk ɗin da baya juyawa, ya fi sauri.

Tambaya daga wata mai shagon buga takardu, Daura:

Malam barka da aiki. Desktof ɗin shagona Dell ce, sau uku yaron shagon yana saka mata Windows tana kaiwa rabi sai ta tsaya, sau ɗaya kuma wuta aka ɗauke ana tsaka da yi. Tana wani ƙara ƙas ƙas daga ciki, kuma kullum da safe sai mun gyara kwanan wata.

Amsa:

Hajiya barka kadai. Ƙarar nan ita ta fi damuna, hadis ne ke neman mutuwa, kuma duk sakawar da ake yi ƙara wahalar da shi ake. A daina. A ciro shi a sa a kes na USB a jona da wata kwamfutar, in akwai sauran takardun kwastomomi da suka tsira a kwashe, sai a sa sabon SSD.

Kwanan wata kuma ƙaramin batir ne a jikin madabod mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, masu gyaran agogo ma suna saidawa. Tunda an buɗe ta, a zare RAM a goge bakin nan mai ruwan gwal da magogin fensir a hure ƙurar, kin san yadda hunturun Daura yake cusa ƙura ko ina. In har da sabon disk ta sake tsayawa, a canza filashi a jona shi ta baya ba ta gaba ba. Kuma dan Allah ranar da za a saka a tada janareta ko a sa UPS, rabin awa ne kawai.

Wani kuma daga Ƙofar Marusa yana tambaya me ya sa Windows 11 ta ƙi hawa Core i5 ɗinshi ƙarni na 6. Saboda Microsoft na buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ɗan'uwa. Rufus na iya tsallake sharaɗin, sai dai Microsoft sun ce ba su ɗau alkawarin ci gaba da turo maka sabuntawa ba. Windows 10 ɗin ma tun 14 ga Oktoba 2025 suka janye tallafinta. In burauzin da taifin ne aikinka, gwada Linux Mint, wani madadin Windows, daga kan filashi tukunna ba tare da ka saka ba, ka ga ko firintarka zata yarda da ita.