Yadda Piast Gliwice ta lashe gasar Poland a kakar 2018/19

Ka tambayi yadda Piast ta ɗauki kofin Ekstraklasa, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Poland, alhali ita ce ta uku bayan wasanni 30. A lokacin, ana raba ƙungiyoyi 16 gida biyu, takwas na sama su ƙara wasanni bakwai a tsakaninsu, jimilla 37. A nan ne yaran Waldemar Fornalik, kocin Piast, suka ci shida, suka yi canjaras ɗaya, har da doke Legia 1-0 a Warsaw, suka gama da maki 72, Legia na da 68.

Kada ka ɗauka an rage makin kowace ƙungiya zuwa rabi bayan wasanni 30 kamar a shekarun baya. An riga an soke wannan ƙa'ida. Idan rubutu za ka yi, ka tabbatar da alƙaluman a wajen PZPN, hukumar ƙwallon ƙafa ta Poland.