Kada ki sayi sakamakon OET, ko da Yaya zai yi fushi

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Manchester. Nas ce da ta yi karatu ta kuma yi aiki a Kano, yanzu tana aikin kula da tsofaffi. Jarrabawar Turanci ta OET ta kayar da ita a ɓangaren rubutu, har yau ba ta samu lambar rajista ba. Wani ejan ya ce ta kawo kuɗi a "gyara" mata sakamakon, yayanta da ya sayar da fili aka yi mata kuɗin tafiya kuma ya matsa mata lamba ta biya.

'Yar'uwa, kada ki ba shi ko sisi. Hukumar NMC, mai rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma a Birtaniya, ba takardar hannunki take dubawa ba. Wurin masu shirya jarrabawar take tantance sakamako, kamar yadda take neman tabbacin lasisinki daga hukumar jinya ta Najeriya. A 2023 ta gano maguɗi a wata cibiya a Ibadan da ake zana jarrabawar ilimin aikin jinya ta kwamfuta, ta soke sakamakon kusan mutum 2,000, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka ce su sake zama. Waɗanda suka riga suka samu lamba suna aiki a asibiti ma an bi sawun wasunsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wannan hukuma tana tono baya ko bayan shekaru.

Na ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Wasiƙa ta iso, wurin aiki su dakatar da mutum, bizarsa kuma a hannunsu take. Ya kira ejan, lamba a kashe, hoton WhatsApp ma ya ɓace. Faɗuwa jarrabawa ba laifi ba ne, ana sakewa. Rashin gaskiya kuwa yana cikin abubuwan da kwamitin ladabtarwa na hukumar ya fi tsanantawa a kai.

Abin haushin ma, wataƙila ba ki buƙatar ejan sam. Tun 2023 NMC take karɓar shaidar wurin aiki ga wanda ya yi karatun jinya da Turanci a ƙasa irin tamu, ko wanda maki kaɗan ya hana shi tsallakewa a ɓangare ɗaya, muddin ya yi wata 12 yana aikin lafiya ko kula da mutane a Birtaniya. Sharaɗin shi ne masu sa hannu su kasance masu rajista da hukumar. Akwai kuma damar haɗa sakamakon zama biyu. Ki karanta ƙa'idar a shafinsu, sannan ki samu shugabarki a wurin aiki ku zauna.

Batun Yaya kuwa, ya yi miki halacci, Allah Ya saka masa. Amma filin da ya sayar bai ba shi ikon jefa sunanki a wuta ba. Shi yana gida yana lissafin fam da naira, ke ce za ki tsaya gaban kwamiti. 'Yan gida sun ɗauka duk takarda tana da farashi, saboda abin da suka saba gani ke nan. Ki kira shi cikin ladabi, ki yanka masa abin da za ki iya turowa duk wata daga albashinki na yanzu, ki rubuta bashin filin da shaidu. In ya ƙi saurara, ki sa Hajiya ko wani kawu da yake jin nauyinsa a maganar, ki gaya musu dalla-dalla cewa takardar boge tana iya jawo asarar aikin da bizar gaba ɗaya.